Shawarar Kawu Lawal

"Jami'a? Don ka dawo ka zauna gindin bishiya kana fifita da takarda?" in ji Kawu Lawal, mai sayar da nama a unguwar Moursal, ranar da Junaid ya ci jarrabawar bak ta kammala sakandare. "Koyi gyaran firji. Da zafin garin nan, nemanka za a riƙa yi."

Junaid ya koya, ya ƙware. Kawu kuwa bai yi ƙarya ba, ana nemansa. Firjin kawu na shago, na gida, har na surukarsa can unguwar Sabangali. Kowanne ya gyara, a sallame shi da "Allah ya yi albarka" mai kauri, ranar sa'a a haɗa da ƙashin miya.

Yau yana durƙushe bayan firjin shagon, gumi na zuba, sai ya ji muryar kawu ta yi laushi. Luba ce, ƙanwar Junaid, ta kawo sakamakon tata jarrabawar.

"Jami'a? Haba 'yata. Koyi haɗa sola, nemanki za a riƙa yi."

Junaid ya leƙo. A kusurwar shagon ga farantan sola sababbi a jingine, ko kwalinsu ba a cire ba.