Mata Uku Cikin Buhu

"Wannan ce, ranka ya daɗe!" na ce wa alƙali, ina nuna ta tsakiya. "Ga tabon Shaiɗan a hammatarta. Na rantse."

Shekara ashirin ina ungozoma a ƙauyenmu na yammacin Ingila, ni ake kira in duba jikin duk wadda aka zarga da maita, in nemo wannan tabo da ake cewa shi ne alamar mayya. Wannan karon Giles manomi ne ya kawo ƙarar tsohuwa Dorcas, wai ta cinye masa jariri. Sai sabon alƙalin ya sa aka kifa wa mata uku buhu a ka, har da Dorcas a cikinsu, ya ce in tsamo mayyar.

"A rataye tsinanniya!" Giles ya daka tsawa.

Aka cire wa ta tsakiyar buhun. Avis ce, matar Giles, idanunta sun kumbura da kukan ɗanta.

"To, Giles," in ji alƙali, "a kawo igiyar?"

Aka sallami Dorcas, kowa ya watse. Ni kuwa na tsaya ina kallon yatsana. Mata biyar yatsan nan nawa ya kai ga igiya, kuma duk sai da na ga fuskarsu kafin na ga tabon.