Mai Kaji da Wayoyin Bakin Katanga

Kai da ke cewa in ranka ya ɓaci kowa ma ya ji a jikinsa, zauna ka ji. Wani mai kiwon kaji ne a bayan gari, inda sabis ba ya kaiwa sai ta rautar intanet da ya kafa wa dogon ƙarfe a kan rufi. Duk abin da ya mallaka yana cikin kajin nan, ta rautar kuma ƙaninsa mai kula da su yake kiransa in ya yi tafiya. Sai samarin unguwa suka samu lambar sirrin rautar, kullum suna jere a gindin katangarsa suna kallon ƙwallo. Ya canza, suka sake samu. Ransa ya yi baƙi ƙirin, har ya daina amsa gaisuwarsu. Ya kira mai gyara. Mai gyaran ya ce kowace waya tana da lambar da aka buga mata tun daga kamfani, ana iya hana su shiga ɗaya bayan ɗaya, ana kuma iya toshe farkon lambar, duk wayar da kamfanin ya ƙera ta tsaya a waje. Ya ce amma a fara duba wayoyin gida. Mutumin ya daka masa tsawa, ya ce ba shawara ya kira shi ba, a toshe su duka. Aka toshe.

Gindin katanga ya zama wayam, shi kuwa har da murmushin mugunta. Washegari ya tafi sayo abincin kaji a wani gari. Yana can cuta ta faɗa wa kajin, suka fara sunkuyar da kai suna zubewa. Ƙanin ya ɗauko waya zai kira shi, ya kira likitan dabbobi, ta ƙi shiga rautar, don kamfaninsu ɗaya da wayoyin samarin. Ya leƙa waje ko zai sami mai babur ya aika, babu kowa, ai an kore su. Da ƙafa ya tafi gari, kafin ya dawo da likita aikin gama ya gama. Mai kaji ya iso ya tarar ana kwasar mushe a baro. Haushi ya shaƙe shi, ya nemi wanda zai zaga ya rasa, don da bakinsa ya ba da umarnin. Ni ban ji tausayinsa ba, kajin na tausaya wa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.