Silifas ɗin Baba a Ƙofar Sinima

Ina ɗan shekara goma na dami Baba da zancen wani babban fim na Turawa, har wata Asabar bayan azahar muka hau trotro, motar haya, daga unguwarmu Nima zuwa sinima. A bakin ƙofa ya ga jan kafet, sai ya tuɓe silifas ɗinsa ya maƙale a hammata, kamar zai shiga masallaci. Wasu yara suka kwashe da dariya.

"Baba, don Allah ka mayar," na ce.

"Wani ne ya sha wahalar share wurin nan," ya ce.

Da muka shiga, na bar kujera uku tsakaninmu. Gyaɗa kawai ya miƙo mini. Fim ɗin na manta shi sarai. Baba ya rasu, amma kujerun nan uku har yau ina ganinsu.