Layin Lilo

Mushe Manzo, daraktan lakwal, wato shugaban makaranta, ya hango yara sun yi layi a gindin iccen bedi, tsit. Ya nufe su. Tun bara, ranar kasuwar Takanamat, da ɗiyarsa Haula ta faɗo daga lilon iccen nan ta rasu, shi da hannunsa ya tsinke igiyar, ya sare reshen.

"Mi kuke yi nan? Ban hana ba?"

Ba wanda ya dube shi. Idanunsu na sama, suna bin wani abu, gaba, baya, gaba, baya.

Kaltumi, wadda ke gaban layi, ta ce, "Mushe, ai kai ka kafa doka. Kar kowa ya matsa sai wanda ke kai ya sauko."

"To?"

"Haula muke jira."