Wa ke Yage Ƙarshen Littattafan Dada Haoua?

Monsieur Hubert, malamin lise, wato sakandare, ya dangwarar da littattafai uku a kan teburin Dada Haoua har ƙura ta tashi.

"Ke kika ce wannan zai hana ni barci. Ya hana ni kuwa! Matar ta ɗaga adda za ta sare dodon, na juya shafi, babu komai. An yage ƙarshen. Duka ukun haka suke."

Dada Haoua ta dube shi sama da ƙasa. Shekara ashirin marigayi Youssouf, mijinta, yana ba da hayar littattafan Faransanci a kasuwar Djamboutou: na fatalwa, na mayu, na masu tafiya wata duniya a jirgi. Da ya rasu ta gaji rumfar. Ba ta yi boko ba, allo ta yi har izu goma, amma duk wanda ya dawo da littafi sai ya zauna ya ba ta labarin kafin ta sallame shi. Da haka ta san na ba yarinya da na ba mai taurin zuciya. Kaf Garoua ba wanda ya taɓa cewa zaɓinta bai yi ba.

Kuma littattafan marigayi lafiyarsu lau. Na sabon kwalin da ta sayo daga Douala ne ake kuka da su, kwalin farko da ta buɗe da hannunta. Ita ta naɗe kowanne da takardar siminti, ta yi masa duk abin da Youssouf ya ce a yi wa sabon littafi.

To wa ke mata zagon ƙasa?

Idonta ya faɗa kan Rosalie, maƙwabciyar rumfarta mai suyar fanken da ake kira makala, wadda take bar wa tsaron tebur idan ta tafi salla. Ga ta can tana naɗe wa wani makala a takarda mai rubutu.

Dada Haoua ta fizge takardar. "Munafuka! Da dodannina kike naɗe mai?"

"Mama Haoua, ki ji tsoron Allah! Tsohuwar jarida ce."

Monsieur Hubert ya duba, ya ce jarida ce.

"Dole ka ce haka, cocinku ɗaya!"

Kasuwa ta taru. Rosalie na kuka, manta na ƙonewa a kasko. Umar Faruƙ, sarkin kasuwa, ya ratsa mutane ya saurari kowa. Ya ce iyaye ma sun kawo masa ƙara, 'ya'yansu na ta faɗa da juna, kowa na zargin wanda ya karanta kafin shi.

"Dada, na ba ki mako guda. Littafi ɗaya ya sake fita ba ƙarshe, rumfar nan ta zama ta wani."

"Ya fita in ga uban da ya yage shi," in ji ta.

Ranar ba ta bar ko takarda a kasuwa ba. Ta ɗora kwalin da sauran littattafan da ba ta shirya ba tukuna a bayan mai babur, ta rungume kwalin har gida. Ta rufe ƙofa da sakata. Yanzu sai ta ga ta inda Rosalie za ta shigo.

Ta zauna a tabarma, muryar marigayi na mata yawo a kunne: "Littafin Turawa na zuwa da hatimin inda ya fito. Kar ki tsaya dubawa, ki cire ganye biyar na farko, kada jandarma su ce na sata ne."

Ta ɗauki littafi ta yi bisimilla, ta buɗe shi daga hannun dama kamar yadda malaminta na allo ya koya mata, ta yage ganye biyar ta jefa a murhu.