Kujerar Makaɗan Katagum

Muryar Mas'uda ta dusashe tun kafin ranar zaɓe ta zo. Ba waƙar biki ce ta cinye ta ba, yawon neman ƙuri'a ne. Kujerar shugaban kwamitin ƙungiyar makaɗa da mawaƙa ta ƙasar Katagum take nema, kuma babu inda ba ta taka ba: Shira, Bulkachuwa, har Sakwa, a motar haya mai tsayawa kowane ƙauye.

Ko'ina kuka ɗaya ne. Masu biki sun koma ɗauko mai sa waƙa a na'ura, ganga tana rataye tana shan ƙura. Makaɗi ya kwanta ciwo, babu mai leƙa shi. Mas'uda takan saurara, sannan ta faɗi gaskiya: wannan zai yiwu, wancan ba zai yiwu ba. Wani lokaci har gardama ta kaure, ta koma gida Azare da ciwon kai.

Abokin takararta kuwa, Malam Jalo, bai wahalar da kansa ba. Tsohon mai kalangu ne da ya ajiye kiɗa bara waccan, wai kafaɗa ta hana shi. Ƙanensa Bahauddeen ke goya shi a babur. In sun isa, sai Malam Jalo ya zauna a tabarma, ya kafa wa mai magana ido kamar duniya babu kowa sai shi. Ba ya katse kowa. Ko zaginsa aka yi, murmushi ne. Sai Bahauddeen ya ɗan dafa masa gwiwa, shi kuma ya gyaɗa kai ya ce, "Allah ya kyauta. Za a duba."

Har Ɗanboyi, mai kaɗa fiyano a coci, wanda ya yi mata alkawari tun farko, ya sauya sheƙa.

"Hajiya, kada ki ji haushi," in ji shi. "Ke kina da amsa a kan komai. Shi kuwa Baba, na zazzage masa duk abin da ke cikina, bai ce mini uffan ba. Mai saurare muke nema."

Ba ta da ƙarfin musu. Ta ce, "To, Allah ya zaɓa mana mafi alheri."

Ranar zaɓe aka taru a wani ɗakin taro mai zafi kamar tanda. Aka ɗaga hannu, aka ƙirga. Malam Jalo ya yi mata fintinkau. Kakaki ya tashi, ganguna suka ɗauka har rufin kwano yana amsawa, shi kuwa yana zaune yana kallon taga, sai da ƙanensa ya kama hannunsa ya miƙar da shi. Jama'a suka ce, "Kai, dattako ke nan!"

Mas'uda ta jira hayaniya ta lafa. Ƙafafunta sun kumbura, gida kawai take so, amma ba ta son a ce ta yi baƙin ciki. Ta bi Malam Jalo har bakin babur, ta tsaya a bayansa, ta tattaro sauran muryarta.

"Malam, ina taya ka murna. Allah ya taya riƙo."

Bai juyo ba. Ta ɗaga murya ta maimaita. Shiru.

Bahauddeen ya waiga hagu da dama, ya rage murya ya ce, "Hajiya, zagayo ta gabansa. Tun bara waccan Yaya ko tsawa aka yi ba ya ji."