Muryar Halliru Mai Talla

Adda Kande, mai sabulun salo daga Sabon Birni, ta dire 'yar lasifikarta a kan bencin Halliru, ta zauna tun ba a ce mata bismilla ba.

"Sabuwat talla nika so, Malam Halliru. Tsohuwag ga ta gaji, har yara sun hardace ta suna man ba'a."

Halliru ya gyaɗa kai, ya gyara rawanin da ya naɗe wuyansa da shi. Bai ce uffan ba, ita ma ba ta sa ran zai ce ba, don tun jiya ta aiko cewa tana tafe. Kowa ya san al'adarsa: da ya ji aiki na zuwa sai ya kulle baki, yana tattalin murya har ya gama ɗauka. Ko gaisuwa da hannu yake amsawa. Da can har tsokanarsa ake, wai ya fi amarya jan aji.

Shekara da shekaru muryarsa ce ke sayar da kaya daga Isa har kasuwannin tsallaken iyaka. Mai maganin ɓera, mai takalman roba, mai gishirin dabbobi, kowa sai ya zo Halliru ya ɗaukar masa talla a katin memori, sannan ya ɗaura lasifika a baro ya shiga kasuwa. Yana da wata 'yar dariya da yake jefawa a tsakiyar magana, wadda kan sa mace ta kwance bakin zani ta sayi abin da ba shi ya kawo ta ba.

Sai wani matashi, Nasiruddeen, ya dawo daga karatu, ya buɗe shago a bakin tasha da kwamfuta guda. Abin da yake aiki da shi sunansa ƙirƙirarriyar basira, 'yan kasuwa kuwa inji kawai suke ce masa. Ka faɗi abin da kake sayarwa, kafin shayinka ya huce talla ta fito, muryar namiji ko ta mace, da Hausa ko da Faransanci. Waɗanda suka fi rantsuwa ba za su bar Halliru ba su ne suka fara zamewa. Da damina Halliru ya yi makonni a Sakkwato, ya dawo a rame, ba wanda ya lura ma shagonsa ya daɗe a rufe. Wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Adda Kande kaɗai ta rage. Ita a ganinta muryar da ba ta fito daga ƙirjin mutum ba babu albarka a cikinta. Duk ranar da ita ma ta juya baya, Halliru ya tashi daga mai sana'a, ya koma tsohon da ke zama a bakin shago.

"Ka hwaɗi ba shi cin hannu, ka hwaɗi da man kaɗe anka yi shi," in ji ta tana miƙewa. "Kuma kak ka manta dariyag ga taka. Ran kasuwa za ni dawowa."

Bayan ta tafi ya daɗe zaune. Can ya jawo gwangwanin da yake tara tsofaffin memori, aikin rayuwarsa kaf a ciki. Ya goge shi da bakin riga, ya sa a aljihu, ya rufe shago. A da bayan gari yake zuwa ɗauka, inda babu ƙarar babura, amma yanzu bayan gari ba wurin zuwa ba ne saboda 'yan bindiga. Ya bi ta lungu.

Ranar kasuwa Adda Kande ta kunna lasifika. Murya ta tashi tangaram, mai kauri, mai zaƙi, tana kiran matan Isa da na Tozai su zo su ga sabulu. Da dariyar ta zo, mata suka kwashe da tasu, aka yi cincirindo. Kafin azahar kwandonta ya yi ƙasa.

Ita kuwa ba ta iya cin nasara shiru ba. Ta kama hannun rigar Halliru, ta ja shi har ƙofar Nasiruddeen, ta ƙure ƙara.

"Kai yaro, saurara! Wagga ita ta muryab bil'adama. Injinka shi yi irinta in shina iyawa!"

Nasiruddeen ya sunkuyar da kai. "Gaskiyakki, Adda."

Ta juya ga Halliru, ta ce tun da take kawo masa aiki bai taɓa yin mai daɗin wannan ba. Idanunsa suka ciko. Ta ɗauka murna ce, ta sa masa albarka, ta nufi motar Sabon Birni kada yamma ta yi mata a hanya.

Da kasuwa ta watse, Nasiruddeen ya jawo wa Halliru kujera cikin ladabi. Gwangwanin na nan kusa da kwamfuta, a buɗe. Daga cikinsa injin ya koyi muryar Halliru.

"Ba ta gane ba, Baba. To kamar yadda munka shirya: duk tallat Adda ni ka haɗa maka, ba mai ji. Murya kau ta zama ta shagona. Har wani mai magani ya tambaye ta."

Halliru ya so ya roƙe shi abu ɗaya tak, kada a sa muryar tallar maganin ƙarya, don bai taɓa yarda ya yi ba ko da yunwa. Ya buɗe baki, iska kawai ta fito, kamar yadda take fitowa tun ranar da likitocin Sakkwato suka yanke ciwon da ke maƙogwaronsa, suka haɗa da muryar.